SHARHI: Yadda sauya shawara a tsakiyar kwangila ya ci wa Birtaniya biliyoyin fam wajen sayen makamai

A watan Nuwamban 2025, labarai biyu suka fito daga Ma'aikatar Tsaron Birtaniya, kwanaki kaɗan tsakaninsu. Na farko na murna ne: rundunar jiragen ruwan ƙasar masu dakon jiragen yaƙi ta kai cikakken ƙarfinta, bayan da HMS Prince of Wales ya ɗauki jiragen F-35 guda 24, dukansu na Birtaniya, a tekun Bahar Rum. Na biyu kuwa babu daɗin ji. Sojoji kusan 30 suka kamu da rashin lafiya, wasu har da amai, bayan wani atisaye da suka yi cikin sabuwar motar sulke mai suna Ajax a filin Salisbury. Makonni kaɗan kafin nan minista ya shaida wa duniya cewa motar ta shirya shiga aiki. Nan take aka dakatar da amfani da ita.

An sa hannu a kwangilar jiragen ruwan ne a 2008, ta Ajax kuma a 2014. Wato ɗaya ya ɗauki shekara 17 kafin ya cika, ɗayan kuma bayan shekara 11 yana nan yana kwantar da masu tuƙa shi.

Mu da muka taso a gida, da mun ji an ce kuɗin makamai sun salwanta, abin da ke zuwa mana a rai shi ne wani ya yi sama da faɗi da su. To a waɗannan kwangiloli biyu masu bincike ba su ce an saci kwabo ba. Abu biyu ne suka haɗu suka cinye kuɗin da lokacin. Na ɗaya, makamin zamani ba ya aiki shi kaɗai, yana rataye da wasu kayan da wasu kamfanoni ke ƙerawa, a wasu ƙasashe, bisa nasu jadawalin. Na biyu, mai saye ya yi ta sauya abin da yake so bayan an riga an fara aiki. Kowanne daga ciki ana iya jure masa. Idan suka haɗu ne ake jin jiki.

Duk wanda ya taɓa yin gini a gida yana zaune a ƙasar waje ya san wannan ciwon. Ka tura kuɗi an zuba harsashin gida mai ɗaki huɗu, sai wata rana ka buga waya ka ce a ɗora bene. A bakinka magana ɗaya ce. A wurin magini kuwa rodin da aka sa bai isa ba, ginshiƙai sai an ƙara, matakala za ta cinye rabin falo, mai wayarin da mai famfo sai sun fasa abin da suka binne. Kafin a gama wannan lissafi siminti ya tashi. To haka abin yake a sayen makamai, sai dai a can ana magana ne da biliyoyi, kuma kuskuren yana iya zama ran soja.

Jirgi ɗaya, abokan tafiya da yawa

Tun a bitar tsaro ta 1998 gwamnatin Tony Blair ta yanke shawarar ƙera manyan jiragen dako guda biyu. Su ne aka sa wa suna Queen Elizabeth da Prince of Wales, kowanne nauyinsa tan 65,000, tsawonsa kimanin mita 280. An harhaɗa su a Rosyth da ke Sikotlan, mazauninsu kuma Portsmouth.

Amma jirgin dako filin jirgin sama ne kawai da ke yawo a kan ruwa. Kafin ya zama barazana ga kowa yana buƙatar jiragen yaƙin da za su tashi daga kansa, da makamai masu linzamin da jiragen za su harba. Yana buƙatar rada mai tashi sama wadda za ta hango abokin gaba tun yana nesa, da jirgin ruwan da zai riƙa biyo shi da abinci, harsasai da kayan gyara, da jiragen rakiya masu kare shi. Ga kuma matuƙa da injiniyoyi, waɗanda horar da su kan ɗauki shekaru. Kowanne daga cikin waɗannan kwangilarsa daban, kasafinsa daban, mai kula da shi daban. Ayari ne, kuma ayari ba ya wuce saurin raƙumin da ya fi kowa gajiya.

Sauyi uku cikin shekara huɗu

Da aka sa hannu a watan Yulin 2008, an ƙiyasta jiragen biyu za su ci kusan fam biliyan 3.9. Wata biyar kacal bayan haka, a Disamba, tattalin arzikin duniya ya shiga ruɗani, gwamnatin Gordon Brown ta ce a rage saurin aikin da shekara ɗaya zuwa biyu don a sauƙaƙa wa kasafin shekarun kusa. Kuɗin da aka tsimi na ɗan lokaci ne. Ma'aikata da tashoshin ƙira suna nan ana biyan su ko aiki ya yi sauri ko ya yi nawa, don haka jinkirin shi kaɗai ya ƙara sama da fam biliyan 1.5 a kan jimlar. Araha ba ta ado.

Sauyi na biyu ya zo a Oktoban 2010, bayan David Cameron ya hau mulki. Jirgin F-35 iri uku ne. Samfurin B yana tashi a gajeren fili ya kuma sauka a tsaye kamar jirgi mai saukar ungulu, kuma dominsa aka tsara jiragen dakon. Samfurin C ya fi shi nisan zango da ɗaukar makamai, amma sai an cilla shi da wata na'ura mai kama da majaujawa, idan zai sauka kuma sai igiyar ƙarfe ta cafke shi. Sabuwar gwamnati ta ce ta fasa B, C take so, a saka majaujawa a ɗaya daga cikin jiragen, ɗayan kuma a ajiye shi ko a sayar. A wannan bitar ce aka yi ritaya wa tsohon jirgin dako Ark Royal da jiragen Harrier baki ɗaya. Daga baya aka sayar wa Amurka Harrier 72 a kan dala miliyan 180, ta yi kayan gyara da su.

Dalilan da aka bayar suna da ma'ana a kan takarda. Matsalar ita ce an sanar da shawarar kafin a san farashinta. An daɗe ana cewa an zana jiragen yadda za a iya sauya su, amma babu wanda ya zauna ya ƙiyasta abin da sauyin zai ci. Ita kanta majaujawar, mai aiki da lantarki, Amurka ba ta gama ƙera ta ba a lokacin, don jirgin da aka yi ta dominsa, Gerald R. Ford, sai a 2017 ya shiga aiki. Da injiniyoyi suka duƙufa sai suka ga ɗaruruwan ɗakunan cikin jirgin sai an taɓa su. Ƙiyasin da aka fara da shi, kimanin fam miliyan 800, ya haura ya kai kusan biliyan 2, ranar fara aiki kuma ta matsa daga 2020 zuwa 2023. Kwamitin majalisa mai bin diddigin kuɗin gwamnati ya gano cewa a lissafin farko har harajin VAT da hauhawar farashi an manta ba a saka ba.

Sai sauyi na uku. A watan Mayun 2012 sakataren tsaro Philip Hammond ya tsaya a majalisa ya ce an koma samfurin B. Ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar, NAO, ya ce wannan kai-komo ya jawo asarar fam miliyan 74. A gaskiya Hammond ya kyauta da ya ja birki, don da an yi taurin kai da asarar ta ninka haka sau da yawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A ƙarshen 2013 aka sake zama da kamfanonin, farashin jiragen biyu ya tsaya a fam biliyan 6.2.

Akwai asarar da ba ta shiga wannan lissafi ba. Daga Disambar 2010 da Harrier ya yi tashinsa na ƙarshe, sai a 2018 jirgin yaƙi ya sake sauka a kan jirgin dakon Birtaniya. A tsakani aka yi yaƙin Libiya na 2011. Faransa ta kai jirginta Charles de Gaulle bakin gaɓa, ita kuwa Birtaniya jiragen yaƙinta daga Italiya suke tashi, wasu ma tun daga Ingila. Wanda ya yanke shawara a 2010 ya yi caca ne cewa shekara goma za ta wuce lafiya. Ko wata shida ba a yi ba aka buƙaci abin da aka zubar.

Ango ya shirya, ’yan rakiya ba su iso ba

Queen Elizabeth ya shiga aiki a Disambar 2017, Prince of Wales a Disambar 2019. Su dai jiragen sun samu. Sauran ayarin fa?

Mu fara da rada. Tunda babu majaujawa, jirgin rada irin na Amurka da Faransa, Hawkeye, ba zai iya tashi daga kansu ba. Dole aka koma ɗaura rada a jikin jirgi mai saukar ungulu samfurin Merlin, tsarin da ake kira Crowsnest. Ka ga yadda zaɓin samfurin jirgin yaƙi ya yanke hukunci a kan irin idon da rundunar za ta samu. An jinkirta zuba kuɗi a Crowsnest don tsimi, sai a 2017 aka ba da kwangilar, tsohuwar radar kuma ta yi ritaya a 2018. A rahotonsa na Yunin 2020, NAO ya ce sabuwar ta makara da wata 18.

Sai jirgin kaya. Guda ɗaya tak Birtaniya ke da shi mai iya ɗaukar harsasai da abinci ga rundunar, Fort Victoria, wanda aka ƙera tun farkon shekarun 1990. An buɗe gasar ƙera sababbi, aka dakatar a Nuwamban 2019, aka sake buɗewa, sai a Janairun 2023 aka ba da kwangilar guda uku a kan fam biliyan 1.6. A 2024 ɗaya daga cikin kamfanonin, Harland & Wolff na Belfast, ya durƙushe, har sai da Navantia na Sifaniya ya saye shi. Ana sa ran na farko a 2031. A tafiyar 2025 zuwa gabashin Asiya, jirgin kayan ƙasar Norway ne ya taimaka ya toshe wani ɓangare na giɓin.

Su kansu jiragen yaƙin, kowane jirgin dako zai iya ɗaukar har 36. A tafiyar farko ta 2021, Queen Elizabeth ya fita da 18, takwas na Birtaniya, goma aron sojojin Amurka. Kuma F-35 kwamfuta ce mai fuka-fuki, manhajarsa tana hannun kamfanin Lockheed Martin da gwamnatin Amurka. Da sabunta kwamfutar jirgin ya gamu da cikas, Amurka ta daina karɓar sababbin jirage daga Yulin 2023 zuwa Yulin 2024, kowa ya shiga layin jira. Makamai masu linzami biyu da Birtaniya ke son ɗaura wa jirgin, Meteor da Spear 3, sai manhajar ta san da su kafin a iya harba su, kuma an ɗage wannan aiki zuwa farkon shekarun 2030. Kana da bindiga, kana da harsashi, amma makullin yana aljihun wani.

Ajax: buƙata 1,200 a kan mota ɗaya

Labarin Ajax ya nuna ɗaya fuskar matsalar. Dabarar farko mai kyau ce: a ɗauki motar da Sifaniya da Ostiriya suka daɗe suna amfani da ita, ASCOD, a yi mata kwaskwarima, don a rage kasada. Aka ba kamfanin General Dynamics kwangilar motoci 589 iri shida, shirin gaba ɗaya fam biliyan 5.5, ana harhaɗa su a Merthyr Tydfil da ke Wales.

To sai kowane sashe na soja ya kawo nasa son. Wannan ya ce a ƙara sulke, wancan ya ce a ƙara na'urorin gani, wani ya ce a sa sabuwar bindiga mai bakin milimita 40 wadda ita ma ba a gama daidaita ta ba. A binciken da NAO ya fitar a Maris 2022, ya ƙirga buƙatu kusan 1,200 da aka ɗora wa motar. Nauyinta ya doshi tan 40. Sunan dai kwaskwarima, amma a zahiri sabuwar mota aka ƙera, da jadawalin da aka tsara wa gyaran tsohuwa. Don a cim ma wannan jadawali aka fara ƙera motocin tun ba a gama gwaji ba, ta yadda duk aibin da aka gano sai an bi waɗanda aka riga aka ƙera ɗaya bayan ɗaya.

Aibin da ya fi tsanani shi ne ƙara da jijjiga. An dakatar da gwaji a ƙarshen 2020, aka sake dakatarwa a 2021, aka duba kunnuwan sojoji sama da 300. Gwamnati ta tsayar da biyan kamfanin daga Disambar 2020 har zuwa 2023. Lauya Clive Sheldon, wanda aka ɗora wa bincike, ya fitar da rahoto a Yunin 2023 da ya nuna cewa damuwar da ake da ita a ƙasa ba ta riƙa isa ga manya a kan lokaci ba, kowa na fatan abin zai gyaru kafin a ji.

Ita ma Ajax tana da abokin tafiyar da ya makara. Amfaninta shi ne ta hango, ta aika wa sauran runduna bayani nan take, kuma hakan ya dogara da sabon tsarin sadarwa mai suna Morpheus. An ba da kwangilar wani babban ɓangarensa a 2017 a kan fam miliyan 330, aka soke ta a Disambar 2023 ba tare da an samu abin da aka nema ba.

To ya ake rage wannan kasada?

Kar mai karatu ya ɗauka maganin shi ne a hana sauyi kwata-kwata. Ba zai yiwu ba. Makamin da aka tsara a 2010 ba a tsara shi da sanin cewa ƙaramin jirgi marar matuƙi na ’yan ɗaruruwan daloli zai riƙa ƙona tankar yaƙi a Yukiren ba. Idan abokin gaba ya sauya salo, dole ka sauya. Abin dubawa shi ne daga ina sauyin ya fito. A labaran nan biyu, yawancinsa daga matsin kasafi ya fito, ko sabuwar gwamnati mai son nuna bambanci, ko kwaɗayin a tara komai a abu ɗaya. Ga abin da za a iya tsinta daga ciki.

Na farko, a san farashin sauyi kafin a sanar da shi, kuma farashin ya haɗa da duk abin da sauyin zai taɓa. Shawarar 2010 cikin ’yan watanni aka yanke ta, amma sai da aka yi wajen shekara ɗaya da rabi kafin a san ainihin kuɗinta. Da an juya tsarin, bincike a gaba sanarwa a baya, da fam miliyan 74 ba su tafi ba.

Na biyu, a yi lissafin ayari gaba ɗaya, a kuma sa mutum ɗaya da zai amsa tambaya a kansa, mai iko a kan kuɗin. Idan kowace kwangila tana da nata mai gida, ranar da aka matsu da kuɗi abin da ba ya fitowa a hoto shi ake fara yankewa: rada, jirgin kaya, kayan gyara, horo. Babu ministan da ke zuwa yanke kyalle don an sayo kusoshi. Amma ranar da na ƙarshe a ayari ya iso, ranar ce ka mallaki abin da ka biya.

Na uku, kar a jingina abin da ba a gwada ba a jikin wani abin da ba a gwada ba. Sabon jirgin ruwa da sabuwar majaujawa da sabon jirgin yaƙi, ko sabuwar mota da sabuwar bindiga da sabuwar sadarwa, kowanne yana jiran ɗan'uwansa. Jinkirin ɗaya na kowa ne. Amurka ta sha wannan ɗacin a shirinta na Future Combat Systems, wanda aka so a ƙera motoci da na'urori iri-iri a lokaci ɗaya bisa sadarwar da ba ta wanzu ba tukuna. Sakataren tsaro Robert Gates ya soke shi a 2009 bayan an kashe kusan dala biliyan 18.

Na huɗu, a saya mataki-mataki. A karɓi abin da ke aiki yau ko da bai cika duk buri ba, a bar masa sarari na nauyi da lantarki da wurin ƙara na'ura, sauran buƙatu su jira zagaye na gaba. Wannan ne ginshiƙin sabon tsarin saye da Birtaniya ta sanar a Fabrairun 2024, wanda ya sa wa'adin shekara biyar ga kayan aiki, uku ga manhaja. Shi ma yana da nasa farashin, don soja zai fara da abin da bai kai yadda ya so ba. Amma ya fi ya zauna da hoton mota a takarda.

Na biyar, a duba wa zai ɗauki asara. A kwangilar jiragen dako ta farko, idan kuɗi ya haura gwamnati ce ke ɗaukar kashi 90 cikin 100, sai a 2013 aka mayar da shi rabi da rabi. A Ajax kuwa farashin a ƙayyade yake, kuma hakan ya kare aljihun mai biyan haraji. Sai dai kwangila tana iya mayar wa kamfani asarar kuɗi, ba ta iya mayar masa da asarar lokaci. Tsofaffin motocin leƙen asiri na Scimitar sun yi ritaya a 2023, soja ne ya zauna da giɓin.

Na shida, a buɗe wa mummunan labari hanya ya hau sama. Tun a 2009 rahoton Bernard Gray ya nuna cewa a matsakaici shirin sayen makamai a Birtaniya kan makara da kusan shekara biyar, kuɗinsa kuma ya haura da kashi 40 cikin 100, saboda soja da kamfani da ma'aikata duk suna da riba idan aka faɗi ƙaramin farashi a farko. Amurka tana da doka tun 1982, Nunn-McCurdy, da ke tilasta a sanar da majalisa idan farashi ya haura wani mizani, idan ya yi tsanani kuma sai an kare shirin ko a soke shi. Dokar ba ta hana tsada ba, ta dai hana ɓoyewa.

Ina ruwan mutanen gida?

Mu da ke nan, harajinmu ne a ciki, kuma akwai ’ya'yanmu da ke sanye da kakin ƙasar. Amma maganar ta fi kusa da gida fiye da yadda ake zato, kuma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Najeriya ba ta ƙera jirgin yaƙi, saye take yi, don haka rataya ta fi yi mata yawa. A shekarun 1980 ta sayi jiragen Jaguar 18 daga Birtaniya, ba su cika shekara goma suna tashi ba aka ajiye su, ɗawainiyarsu ta gagara. Yau rundunar sojin sama tana da Alpha Jet ƙirar Faransa da Jamus, F-7 na Sin, Mi-35 na Rasha, JF-17 uku daga Pakistan, T129 daga Turkiyya, ga odar M-346 guda 24 daga Italiya, ga AH-1Z guda 12 da Amurka ta amince da sayarwa a Afrilun 2022 a kan dala miliyan 997. Raba ƙafa yana da hujja, don a 2014 Amurka ta hana Isra'ila sayar wa Najeriya jiragen Cobra ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram. Amma kowane samfuri yana zuwa da nasa kayan gyara, nasa makanikai, nasa harsashi. Kuma tambarin da ke jikin jirgi ba ya nuna duk masu hannu a cikinsa. Injin JF-17 na Rasha ne. Injin T129 na haɗin gwiwar kamfanonin Amurka da Birtaniya ne, kuma rashin lasisin Amurka ne ya tsayar da cinikin guda 30 da Pakistan ta ƙulla da Turkiyya a 2018. Nijar ma, da ta sallami sojojin Faransa a 2023 da na Amurka a 2024, duk kayan da ta gada daga wajensu suna buƙatar wanda zai ci gaba da kawo musu kayan gyara.

Cinikin Super Tucano 12 ya nuna ɗaya hanyar. An biya dala miliyan 496 a 2018, mutane suka yi ta cewa ya yi tsada, shida na farko suka sauka a Kano a Yulin 2021. Amma kuɗin ya haɗa da horo, makamai, kayan gyara da gine-gine a sansanin Kainji. Wato an sayi doki da sirdinsa da harawarsa. A gefe guda, wanda ya ba ka duk wannan yana da bakin magana a kan yadda za ka yi amfani da shi.

Abin da ya fi komai nauyi shi ne abokin tafiyar da ba a gani: sahihin bayani, da sadarwa tsakanin wanda ke sama da wanda ke ƙasa. A Rann, Janairun 2017, jirgin sojin sama ya jefa bam a sansanin ’yan gudun hijira. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, Disambar 2023, jirgi marar matuƙi na sojin ƙasa ya faɗa wa masu Mauludi, hukumar agajin gaggawa ta ƙirga mutum 85. A duka biyun makamin ya yi abin da aka ƙera shi ya yi. Abin da ya gaza shi ne tsarin da zai tabbatar da su wane ne a ƙasa kafin a danna.

Duk alƙaluman Birtaniya da aka kawo a wannan sharhi sun fito fili ne domin akwai ofishin bincike da kwamitocin majalisa da ke wallafa abin da suka gani, ko da gwamnati za ta ji kunya. A Najeriya, dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ware sayayyar tsaro daga ƙa'idojinta, sai in shugaban ƙasa ya amince a bi su. Sirrin soja gaskiya ne, amma farashi da ranar isowa da adadin jiragen da ke iya tashi abubuwa ne da kwamitin majalisa ya kamata ya sani, ko da a bayan ƙofa.

Don haka idan aka sake nuna mana sabon jirgi a talabijin ana fesa masa ruwa a filin sauka, kafin mu tura hoton a WhatsApp da barka, mu tambayi wakilanmu: injinsa na wace ƙasa ne, kuma wa zai iya hana mu shi? Kayan gyaran shekara nawa aka biya? Matuƙa da makanikai nawa aka horar? Rediyonsa yana magana da na sojan da ke daji a Zamfara ko Borno? Tun da aka sa hannu sau nawa aka sauya oda, kuma nawa sauyin ya ci? Ɗan majalisar da ya iya amsa uku daga ciki ya san aikinsa. Allah Ya kare sojojinmu da mutanen ƙauyukanmu, Ya ba mu zaman lafiya.